Sa Hannu Talatin da Bakwai

Skarvik, tsibirin Senja, 14 ga Satumba, 2004

Zuwa ga Monsieur Anselme Dorvel, Fécamp.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Mu nan sai godiya, in ban da zuciyar mahaifina da ta soma gajiya, ita ce ma dalilin rubutun. Ka yi haƙuri da Faransancina. A jirgin ruwa na koye shi, shekara goma sha ɗaya ina riƙe da rediyo tsakanin Bergen da Le Havre da Marseille, don haka na fi iya zagi da tambayar halin teku a kan gaisuwar manya.

Ba ka san ni ba. Sunana Torunn Nesset, shekarata sittin da uku. Na ga sanarwarka a takardar ƙungiyar zuriyar Dorvel ta nan Norway, cewa kana haɗa littafin fitattun gidan, na Faransa da na nan, don cikar shekara ɗari uku da hamsin da kakanku Mathurin ya baro Normandy ya zo yi wa sarkin Denmark aikin soja. Na ga jerin: janar biyu, bishop, alƙali, wadda ta yi waƙa a gaban sarauniya, sai Severin Dorvel mai zane, wanda ka ba shafi goma sha biyu shi kaɗai.

To, Severin ɗin nan kakana ne. Zanensa da kowa ya sani, matar nan mai jan gyale tana rataye kifi a katakon shanya, wadda ake bugawa a kalanda kowace shekara, a gidan tarihi an rubuta a ƙarƙashinta “Matar arewa”. Tana da suna. Oline Nesset ce, kakata. Severin ya sauka a gidan ubanta a hunturun 1914, ya tafi a watan Afrilu da zanen a hammata, ya bar ta da ciki. Limamin coci ya bar gurbin sunan uba fili a rajistar haihuwa. Ɗan da aka haifa shi ne mahaifina, Eilif, zai cika casa'in wata mai kamawa.

Abu ɗaya yake so kafin ya mutu, a rubuta shi Eilif Dorvel. A nan, in masu ɗauke da sunan gida ba su wuce ɗari biyu ba, ba mai ɗaukarsa sai kowannensu ya sa hannu ya yarda, sai fa in rajista ta nuna kai jininsu ne, tamu kuwa ba ta nuna komai. Masu sa hannun su talatin da bakwai ne. Tun watan Mayu nake aika takardu, na samu ashirin da tara. Sauran takwas sun zuba wa mutum ɗaya ido: Ragnhild Dorvel ta Oslo, 'yar Severin ta aure, shugabar ƙungiyar. Wasiƙa uku na rubuta mata, ko tari ba ta yi ba.

Sanarwarka ta ce Severin ya zauna gidan kakanka shekara biyu yana koyon zane. Ina roƙon ka duba ko ya bar wata takarda da ta ambaci Skarvik. Likita ya ce da wuya Baba ya ga ƙarshen kamun kifin hunturu, don haka ba ni da lokacin kewaye-kewaye.

Da na kira ka ɗan'uwa, amma doka ba ta ba ni izini ba tukuna.

Torunn Nesset

Fécamp, 29 ga Satumba, 2004

Madame Nesset mai daraja,

Ina gaishe ki gaisuwa irin ta girmamawa, ina kuma yi wa mahaifinki fatan sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, sai gwiwar hagu da ke sanar da ni zuwan ruwa kafin rediyo ya sanar. Iyalin da kika tambaya, ni ne da kyanwa ɗaya, matata Colette ta rasu shekara huɗu ke nan. Tuffa ta yi 'ya'ya bana har rassa na karyewa. Faransancinki kuwa ba laifi, na ji ƙanshin gishirin teku a ciki, na kuma ga kalma biyu da ban ji ba tun ina soja.

Game da sa mahaifinki a littafin, ina so ki fahimce ni da kyau. Shekara arba'in na yi ina haɗa magani a kanti, ban saba awo da son rai ba. Tun da sanarwar nan ta fita na karɓi wasiƙa sittin da ɗaya, kowa da gwarzonsa. Wani yana so in sa surukarsa don ta ci gasar cuku sau biyu. Sai na kafa ƙa'ida uku: ko mutum ya samu lambar girma daga hukuma, ko ya bar littafi ko zane ko gini da ake ambato, ko an sa wa titi sunansa. In mahaifinki ya cika ɗaya, ki aiko mini da shaida, zan duba da zuciya ɗaya. Kamun kifi sana'a ce mai albarka, rabin mutanen garin nan da ita suka tashi, amma ba ta cikin ukun.

Ɗaya maganar kuma, ta matar zanen. Madame, ba ke ce ta farko ba. Garuruwa uku a arewacinku sun rubuto mini, kowanne ya ce kakarsa ce mai jan gyale. Ban ce kina ƙarya ba, na ce dai shekara casa'in tafiya ce mai nisa, labari kan canza riga a hanya. Madame Ragnhild kuma tsohuwa ce mai tamanin da huɗu, ita ta ba ni hotunan da zan buga, ta kuma yi alkawarin kawo mutanenta taron dangi da nake shiryawa a watan Yuni. Shawarata, a bar kaza cikin gashinta.

Akwatin kakana Léopold yana ɗakin sama, ban gama buɗe shi ba saboda gwiwar nan. In na samu hali zan leƙa.

Naki cikin girmamawa,
Anselme Dorvel

Skarvik, 8 ga Oktoba, 2004

Monsieur,

Na gaishe ka, na gai da gwiwa da kyanwa. Baba yana nan, ƙafafunsa sun kumbura, amma jiya ya cinye busasshen kifi da man shanu yana zagin wanda ya shanya shi, wai bai iya ba. Ƙanƙara ta sauka kan duwatsu.

Wa ya roƙe ka shafi? Ka ɗauko wasiƙata ka sake karantawa, wannan karon da tabarau. Ban ce ka sa Baba a littafinka ba. Ka riƙe janar-janar ɗinka, ka ƙara da mai cuku in ka ga dama. Cewa na yi ka buɗe akwati. Ka ba ni amsar wasiƙar wasu mutum sittin, tawa ba ka taɓa ta ba.

Tunda ka ce labari yana canza riga, bari in ba ka wanda bai canza ba. Baba yana da shekara goma sha tara ya hau jirgin gaɓa zuwa Oslo, kwana biyar, sanye da kwat ɗin aro. Ya buga ƙofar gaba ta gidan Severin. Wata yarinya 'yar goma sha uku ta buɗe, ta dube shi, ta ruga ciki. Sai aka turo mai aiki ta zagaya da shi ƙofar kicin, aka ba shi kofi da burodi a tsaye. Yana jin muryar mutumin a ɗaya ɗakin yana tambaya ko ya tafi. Bai fito ba. Baba ya shanye kofin, ya wanke shi da kansa, ya juyo gida. Yarinyar da ta buɗe ƙofar ita ce Madame Ragnhild ɗinka mai hotuna.

Ba a daɗe da haihuwarsa ba aka yi dokar da ta ba irinsu sunan ubansu, amma ba ta waiwayi waɗanda aka riga aka haifa ba. Yakan ce da ya san haka da ya yi zamansa a ciki. Ana cewa mai haƙuri shi kan dafa dutse. Shekara saba'in tukunyar Baba tana kan wuta, itacen ne ya kusa ƙarewa.

Garuruwan nan uku kuma, ka tambaye su ko kakarsu tana da guntun ɗan yatsa a hannun hagu. Ka je ka duba hotonka da kyau, hannun da ke riƙe da wutsiyar kifin. Wuƙar fiɗa ce ta cire shi tana 'yar shekara tara. Da hannun nan ta yi mini kitso.

Lambar girma kuwa, Baba ba shi da ita. Ya dai tsamo mutum shida daga teku a ranar da jirgin Hansen ya kife, ba wanda ya tuna ya sa wa titi sunansa, don titin garinmu ɗaya ne kuma ba shi da suna.

In gwiwarka ba za ta hau bene ba, ka sa a sauko da akwatin. Ba na jin a Faransa an rasa mai ƙarfi ɗaya.

Torunn Nesset

Fécamp, 24 ga Oktoba, 2004

'Yar'uwa Torunn,

Kin ga yadda na kira ki, ban kuma jira dokar kowa ba. Ina gaishe ki, ki miƙa gaisuwata ga Eilif tare da barka da cika casa'in. Ni lafiya, sai kunya da ta hana ni cin abinci kwana biyu. Na ɗauko gilashin da nake karanta rubutun likitoci da shi na duba hannun. Yatsu huɗu da guntu. Shekara talatin hoton nan yana rataye a falona ban taɓa ƙirgawa ba.

Na hau benen da kaina, a zaune, mataki-mataki, don kin ɓata mini rai. A ƙasan akwatin akwai wasiƙun Severin ga kakana guda goma sha tara. Yawancinsu kukan sanyi ne da tsadar fenti. Ta watan Disamba 1914 ce taki. Ga abin da ya rubuta, na kuma haɗo miki hotonta:

“An haifa mini ɗa a arewa, Léopold. Oline ce uwar, wadda ta tsaya mini a zanen da kowa ke yabo. An ce ya ɗauko kunnuwanmu. Mahaifina ya ce in na amsa shi, in nemi wani suna in sa a ƙasan zanena. Ban amsa ba. Kai kaɗai na faɗa wa, don kana da nisa.”

Na karanta sau biyar. Na daɗe ina alfahari da mutumin nan, a kantina har abokan ciniki nake tsarewa da labarinsa suna riƙe da maganin tari. Yau ina jin haushinsa kamar jiya ya yi abin. Kuma ina jin tausayinsa, kada ki ci ni da faɗa a kan wannan.

Yanzu ina cikin tsaka mai wuya. Littafi zai tafi maɗaba'a tsakiyar Fabrairu. In na buga wasiƙar, Madame Ragnhild za ta janye hotunanta da mutanenta, taron da na yi shekara shida ina shiryawa ya zama ni da kyanwa. In ban buga ba, na zama na uku a masu rufe bakin, bayan Severin da kakana. Ban yanke ba tukuna, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma hoton wasiƙar naki ne, ki nuna wa duk wanda kika so.

Ki faɗa mini gaskiya, kunnuwan suna nan? Nawa, a makaranta har rataye hula ake cewa za a yi a kansu.

Ɗan'uwanki,
Anselme

Skarvik, 10 ga Nuwamba, 2004

Ɗan'uwa Anselme,

Gaisuwa da godiya. Na yafe maka rabi, sauran rabin sai na ga hali. Kunnuwa suna nan, in Baba ya juya wa taga baya ɗakin har duhu yake yi. Jikinsa da sauƙi wata rana, wata rana babu. Rana ta kusa yi mana sallama, don a nan ba ta fitowa sam da hunturu, sai ƙarshen Janairu kuma.

Na fassara masa wasiƙar a teburin kicin. Ya sa na maimaita wurin da ya ce “an haifa mini ɗa”. Bai yi kuka ba, ni ce na yi. Shi tagar ya kalla ya ce ashe mutumin ya iya faɗa, bakin ne ya zaɓi inda zai buɗe. Daga nan ya ce a ƙara masa kofi.

Na kai ta ofishin rajista. Matar da ke wurin ta yi mini kirki, amma ta ce takardar akwati ba ta gyara rajista sai ta bi ta kotu, kotu kuma shekara guda ce in an yi sauri. Don haka muna nan kan sa hannu. Na aika hoton ga takwas ɗin nan. Bakwai sun sa cikin kwana goma, ɗaya har da furanni ya haɗo, wani likitan haƙori a Drammen. Talatin da shida ke nan.

Ta ƙarshen, Ragnhild, na je mata da kaina, zumunci a ƙafa yake. Na buga ƙofar gaba, na kuma yi niyyar in aka nuna mini ta kicin in cire ta daga maƙalarta. Ita ta buɗe, da sanda, tsaf da ita, da kunnuwan Baba a kanta. Ta zaunar da ni a falo ƙarƙashin wani zanen ubanta, ta ba ni shayi a kofin da ake ganin yatsa ta cikinsa. Ta karanta wasiƙar ba tare da na fassara ba. Ta ce rubutunsa ne, ba ta musa ba. Ta ce ta tuna saurayin mai kwat ɗin da ya yi masa yawa, ta kuma san ko wane ne tun a bakin ƙofa.

Na ce to ga alƙalami. Ta ce, “Madam Nesset, uwata ta yi shekara arba'in tana goge ƙurar zanen mai jan gyalen nan ba ta san komai ba. Ba zan sa hannu in mai da ita abin dariya a kabarinta ba.” Na ce tawa kakar shekara arba'in ta yi ana nuna ta da baki a coci, ita wa ya tsare mata dariyar? Ta ce shayina zai huce.

Na fito cike da haushi. Abin da ya fi ci mini rai, ban tsane ta yadda na shirya ba. Taurin kan namu ne sak.

Kai take ji wa magana, kai ke riƙe da littafin da take so. Ka samo mini sa hannun nan ko ta halin ƙaƙa. Baba ya soma tambayata kowace safiya ko mai kawo wasiƙa ya wuce.

'Yar'uwarka,
Torunn

Skarvik, 6 ga Janairu, 2005

Monsieur Dorvel,

Ina fatan kana lafiya, tunda ba ni da hanyar sani. Baba ya kwana huɗu a asibitin Tromsø kafin Kirsimeti, an zuƙe masa ruwa a huhu, an dawo da shi. Yanzu gadonsa yana falo.

Wata biyu ba ko layi. Na aika kati, shiru. Na buga wayar gidanka sau shida tana ta ƙara. Na gane. An auna taron Yuni da tsohon masunci, an ga wanda ya fi nauyi, kai kuwa ka ce ba ka awo da son rai. Da ka faɗa mini a fili da na fi ganin girmanka. Gidanku dai kun iya sa mutum ya tsaya a kicin yana jiran wanda ba zai fito ba.

Ba na roƙo sau biyu. Zan nemi wata hanya.

T. Nesset

Fécamp, 19 ga Janairu, 2005

'Yar'uwa Torunn, mai saurin yanke hukunci,

Ina gaishe ki daga kan keken guragu, ina gai da Eilif, Allah ya ƙara masa sauƙi. Ran ashirin ga Nuwamba na hau tsani zan sare reshen tuffa, tsanin ya ga ba haka ba. Ƙashin ƙugu ya karye. Sati uku a asibiti, sati biyar a gidan jinya, inda ake ba mutum miya mai ɗanɗanon ruwan wanki. Shekaranjiya na dawo na tarar da katinki da wasiƙarki a ƙasan ƙofa, kyanwa kuma tana gidan maƙwabta ta manta da ni. Maganarki ta kicin ta yi mini zafi, amma na san daga inda ta fito.

Ban zauna banza ba. Daga gadon na rubuta wa Madame Ragnhild sau huɗu, ta amsa sau uku. Kin ce ko ta halin ƙaƙa, na riƙe wannan. Ga shi a cikin ambulan nan: takardar yarda, da sa hannunta, da kwanan wata. Talatin da bakwai sun cika. Gobe ma in kin so Eilif ya zama Dorvel.

Ga abin da na ba ta. Na yi mata alkawari a rubuce cewa wasiƙar Disamba ba za ta shiga littafi ba, asalinta kuma zan miƙa mata a taron Yuni. Matar zanen za ta ci gaba da zama “Matar arewa”. A bishiyar zuriya da ke ƙarshen littafin za a sa Eilif a gefe, a matsayin wanda dangi suka karɓa da yardarsu, ba a ja layi zuwa kowa ba, ba a kuma ambaci uwa ba. Ta roƙi ku ma ku bar maganar a cikin gida. Ta ce ba ta hana tsoho abin da zai tafi da shi ba, mahaifiyarta kawai take karewa.

Na san ba duka ba ne. Amma ni mai haɗa magani ne, na saba ba mutum abin da zai sha yau, ba wanda za a ƙirƙiro baɗi ba. Sunan yake so, ga sunan. Na yi barci mai daɗi ranar da takardar ta iso, na ce yau dai na yi abin kirki. Ki rubuto ki ce kin yafe ɗaya rabin.

Ɗan'uwanki,
Anselme

Skarvik, 2 ga Fabrairu, 2005

Ɗan'uwa Anselme,

Sannu da jiki, sannu ƙwarai. Na ci maka fuska kana kwance da karaya, na ji kunya, ka yafe mini. Mutum mai saba'in da takwas kuma ya bar wa tsuntsaye saman itace. Mu nan rana ta dawo ran Alhamis, ta leƙo ta tsakanin duwatsu minti goma. Na tura gadon Baba bakin taga, maƙwabciya ta kawo burodi mai zaƙi na murnar dawowar rana kamar kowace shekara, ya ci loma biyu. Ba ya iya tashi yanzu.

Da na buɗe ambulan na ga sa hannun, sai da na zauna. Da na karanta sauran, na tashi na fita waje ba kwat, na zagaya gidan sau biyu. Laifina ne, ni na rubuta maka ko ta halin ƙaƙa. A zuciyata ina nufin ka matsa mata, ka tsorata ta da littafin. Kai kuma ka ɗauka har da sayar da kakata. Garin neman gira za mu rasa ido.

Kwana uku na riƙe takardar a aljihun riga. Na yi tunanin in nuna masa sa hannun kawai in haɗiye sauran, ya tafi da farin cikinsa, wa zai faɗa masa? Har na cike fom ɗin canjin suna. Amma ban taɓa yi wa mutumin nan ƙarya ba, ko ranar da na fasa masa kamfas ɗin jirginsa ina yarinya, ban ga dalilin farawa yanzu ba.

Na shimfiɗa masa duka talatin da bakwai a kan bargo. Ya bi su ɗaya-ɗaya da yatsa, yana karanta sunayen a hankali. Da ya zo kan na Ragnhild ya daɗe. Ya ce rubutunta mai kyau ne, an ga wadda ta yi makaranta. Fuskarsa ta yi wani haske da ban gani ba tun rasuwar mahaifiyata. Sannan na karanta masa sharuɗɗan, ban rage ko ɗaya ba.

Sai ya tambaye ni, a bishiyar nan, wa za a ce ta haife shi. Na ce ba kowa. Ya ce to shi daga cikin kifi aka ciro shi? Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na ɗaga shi na ba shi ruwa. Da numfashinsa ya dawo ya ce in ɗauko takarda in rubuta, kada in gyara masa ko kalma. Ga shi:

“Ka gaya wa ƙanwata na gode, na ga hannunta, ya ishe ni. Amma shekara casa'in ina da uwa ba uba, ba zan mutu da uba ba uwa ba. Matar nan ta goya ni a bayan katakon shanya, mutane suna tofar da yawu in ta wuce, ba ta taɓa cewa ni ba nata ba ne. Ni ma ba zan ce ba. Su riƙe sunansu. Kai kuma, mai magani, in kai ɗan'uwana ne, ka buga wasiƙar.”

Na ce masa Baba, ka tuna fa abin da ka jira ke nan tun kana saurayi, in ya tafi ba ya dawowa. Ya ce ya sani, shi ya yi jiran ba ni ba. Ya sa na ninke takardar Ragnhild a gabansa na sa a ambulan, na rubuta adireshinta, ya lashi bakin ambulan ɗin da kansa. Na kai gidan waya jiya. Tunda mun mayar mata da abinta, alkawarinka ya warware, ka rubuta mata haka. Na yi kuka a hanya, ba zan ɓoye maka ba, wata tara na yi ina tara takardun nan. Amma ban taɓa jin girman mahaifina kamar jiya ba.

Na san abin da nake nema a wurinka. Za ta janye hotunanta, wataƙila rabin mutanen Norway ba za su zo ba, shekara shida na aikinka. Ba zan ce maka ba komai ba ne. In taron ya watse, ni zan zo, zan kuma ci abincin mutum goma don kada a yi asara. In ka yarda, a ƙarƙashin zanen ka rubuta: Oline Nesset, 'yar Peder, mai shanya kifi a Skarvik, an haife ta 1893, ta rasu 1958, uwar Eilif. Kada ka ƙara mata ado, ba ta son shi.

Abu ɗaya kuma. Ba zai ga Yuni ba, shi ma ya sani. Ya ce ba sai littafin duka ba, shafin nan ɗaya kawai, a buge da baƙaƙen maɗaba'a, ya riƙe a hannunsa ya karanta. Kada ka aiko da amsa a wasiƙa, ka buga waya, ina kusa da ita. Likita ya ce sati uku, in an yi sa'a huɗu. Mai ɗab'inka kwana nawa zai ce?

'Yar'uwarka,
Torunn Nesset